Kyamarar da Ba Ta Ji Sunana Ba

Ni ne ɗan farin Inna, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Ba ta kiran sunana. Ba ta kallon fuskata in akwai mutane, in ma babu mutanen sai dai ta kalli ƙafata ko bangon da ke bayana. Ana yaye ni aka kai ni Janfalan wajen kakata, can na girma, ina ganin uwata jefi-jefi kamar wata baƙuwa mai yawan kawo tsaraba. In tana son a kira ni sai ta ce a kira mata wancan. In za ta ba ƙannena labarina sai ta ce yayanku. Akwai wata maƙwabciyarta a Kudan da ta haifi ɗa aka sa masa irin sunana, har Inna ta koma ga Allah "mai sunan wancan" take ce masa. Kunyar ɗan fari ce, na sani, kuma mata suna yaba mata a kan yadda ta riƙe ta. Amma sanin dalilin abu bai taɓa hana shi yi min ciwo ba.

Autanmu kuwa, sunansa a bakinta tun safe har dare. Ta kira shi ya ci abinci, ta kira shi ya sha fura, ta kira shi don kawai ta ji yana gidan. Yana da gemu da mata da 'ya'ya amma har lokacin tana ajiye masa ƙanzo. Ba zan yi maka ƙarya ba, ina ƙyashinsa. Tun yana rarrafe nake ƙyashinsa, kuma girma bai warkar da ni ba, sai dai ya koya min yadda zan ɓoye.

Allah ya yi mu duka direbobi. Ni ina zaune a Ikara, ina jan ƙaramar motar haya, Ikara zuwa Makarfi, in an samu fasinja a miƙa Zariya. Shi yana Kudan tare da Inna, yana jan babbar bas, yana kai tumatir da tattasai Kudu. In yana gida shi ne mai kai ta biki da suna da gaisuwar mutuwa, tana gaba kusa da shi, tana ɓarar gyaɗa tana yi masa faɗan gudu. Ni in ta kama dole ta shiga motata, sai ta zaɓi kujerar da ke bayana daidai, inda ko ta madubi ba za mu haɗa ido ba. Mu yi tafiya tun daga Kudan har inda za mu, abin da zai shiga tsakaninmu bai wuce gaisuwar farko da "a sauka lafiya" ba.

Shi ya fara sa kyamara a mota, irin wadda ake mannawa a gilashin gaba tana ɗaukar duk abin da ke faruwa a hanya, da abin da ake faɗi a cikin motar. A wani shago a Kano ya saya, da kwali da rasit da takardar garanti. Ba a daɗe ba wani ɗan acaba ya faɗo masa daga lungu, jama'a suka taru za su ɗora masa laifi, ya ciro hoton ya nuna, kowa ya ga yadda aka yi. Shi ke nan labari ya cika tasha. Har a tashar Ikara, inda ba ya ko lodi, sai in ji ana cewa ai ƙaninka ɗin nan akwai basira. In ce haka ne, in juya in gyara madubin da ba abin da ya same shi.

Abin da ya ƙara ƙona min rai shi ne da ta lalace. Zafin bazara ya buge ta, ta daina kunnuwa, ni kuma a raina na ce madalla, yanzu sai mu ga ƙarshen iyayi. Sai ya ɗauke ta ya mayar shagon, suka duba takardarsa, suka miƙo masa sabuwa fil. Bayan nan har waya suka yi masa suna tambayar ko tana aiki daidai. Ka ji fa. A gabana aka kira shi, muna zaune a zauren gidanmu, ya wani miƙe ƙafa yana cewa lafiya lau take, na gode, na gode. Inna ta leƙo ta tambaye shi wa ke nan, ya ce mutanen kamfani ne. Ta ce kai, ko ina ka shiga sai an so ka.

Ranar kasuwar Makarfi da ta biyo baya na sayi tawa. A wajen wani mai baza kaya a ƙasa na same ta, tsakanin tocila da cajar waya da rediyo. Kwalinta ya fi na autanmu kyau nesa ba kusa ba, ga hoton mota tana sheƙa gudu, ga hoton wata da taurari wai tana gani da dare, ga hoton makirfo wai tana ɗaukar magana. Na tambaye shi garanti, ya yi dariya ya ce ai wannan ita ce garantin kanta, sai na gaji da ita na kyautar. Na manna ta a gilashi tun a bakin kasuwa. Jar fitilarta ta fara ƙyaftawa, na ji wani sanyi a raina, na ce to, ba auta kaɗai Allah ya halitta ba.

Da farko ta yi abin kirki. Nakan leƙa ɗan allonta in ga hanya tana tafiya, in ji daɗi, ban taɓa damuwa in ciro memorin, ɗan katin da take adana abin da ta ɗauka, in saurara ba, don ba abin da ya faru da zai sa in yi hakan. Da aka sha rana sai ta fara hali. In na faɗa rami ta mutu, in na mare ta ta farfaɗo. Kwanan watan da ke jikinta ya koma wata shekara da ko aure ban yi ba. Wayar cajinta ta yi sako-sako, na tokare ta da tsinken ashana. Fasinja suna ta tsokanata, wani tsoho mai saida mazarƙwaila ya ce min wannan kyamara taka ta fi jaririya son lallashi. Duk da haka ban cire ta ba. In auta ya tambaye ni yaya take, sai in ce garau, ko tari ba ta yi.

A cikin damina ciwon Inna ya tashi. Dama tana fama da ƙafa da numfashi, amma wannan karon ya kwantar da ita. Auta yana can Kudu da lodi, sai ƙanwarmu ta kira ni da sassafe ta ce in zo mu kai ta asibiti a Makarfi. Na je. Muka kamo ta muka sa a mota, ta zauna a wajenta na kullum, bayana, ƙanwarmu a gefenta. Ba nauyi ko kaɗan a jikinta, hannunta da na riƙe kamar karan dawa. Na tuƙa a hankali ina kauce wa ramuka, gonakin rake sun yi kore shar hagu da dama.

Da muka tsallaka babban titi muka kama hanyar Makarfi, ƙanwarmu ta ce in tsaya ta sayo ruwa da lemo, don ba a san yadda za a tarar da asibiti ba. Na tsaya a gefe. Ban kashe mota ba, saboda batirina yana min wasa a lokacin, in na kashe sai an tura. Ta fita ta tsallaka wajen masu tireda. Muka rage ni da Inna, injin yana kaɗawa, ni ina kallon gaba.

Sai ta kira sunana.

Sunana na yanka, wanda aka raɗa min, cikakkensa. Ban juya ba, don wuyana ya ƙi. Na dai ce na'am. Ta ce, "Ka karya kuwa?" Ban sa komai a bakina ba ranar, amma na ce mata na karya. Ta ce to. Shi ke nan maganar. Ƙanwarmu ta dawo da leda, na sa giya muka tafi, idona yana ta kawo ruwa ina ɗora laifin a kan hasken rana. Na tuna sarai na ɗaga kai na ga jar fitilar kyamarar tana ƙyaftawa, amma a lokacin ban kawo komai a raina ba.

A hanyar dawowa ranar kyamarar ta mutu murus. Na mare ta, na jijjiga wayar, na sake tsinken ashana, allon ya yi baƙi ya zauna a haka. Na yi tsaki na bar ta a manne. Inna ba ta fito daga asibitin da ƙafarta ba. Auta ya iso ya same ta da sauran numfashi, kuma a hannunsa ta cika. Ko a nan ma shi ne.

Ana zaman makoki, bayan an ɗan rage jama'a, sai na ji kuka haɗe da dariya daga cikin gida. Na shiga na tarar auta a tsakiyar mata, wayarsa tana yawo hannu zuwa hannu. Ashe duk tafiyar da ya yi da Inna, in ta faɗi wani abin dariya, sai ya kwashe daga kyamararsa ya adana a waya. Hoton hanya ne kawai, amma muryar tata ce tangaran, kamar tana bayan ƙofa. Ga ta tana cewa ya rage gudu ba gobara za su kashe ba. Ga ta tana ba shi labarin wata amarya da ta ƙona tuwo. Ga ta tana kiran sunansa, ta ja ƙarshen yadda ta saba. Mata suna share hawaye suna cewa Allah ya yi maka albarka, ka ajiye mana ita. Na tsaya a bakin ƙofa, zuciyata kamar an ɗora mata dutsen niƙa. A nan ne na tuna jar fitilar.

Kuskuren da na yi shi ne ban iya riƙe bakina ba. Da yamma na samu yayar Inna, wadda muke ce wa Iya, tana zaune ita kaɗai tana jan carbi. Na durƙusa muka gaisa, ta yi min ya haƙuri, na yi mata, sannan na gaya mata abin da ya faru a mota. Na zaci za ta yi murna. Sai ta ajiye carbin ta dube ni ta ce, "Kul na sake jin wannan magana a bakinka. Matar da ta riƙe kunyarta tun tana yarinya har ta shiga kabari, kai ne za ka zo ka ce ta zubar a bakin titi? Kunnenka ne ya jiye maka abin da kake so." Ta ce tashin hankali yana sa mutum ya ji abin da ba a faɗa ba, in je in yi mata addu'a ya fi min.

Na fito cike da haushi. Amma maganar ta shige ni. Na kwana ina juya ta, injin yana kaɗawa, motoci suna wucewa, murya ce ta mara lafiya, to in Iya ce ke da gaskiya fa? Daga ranar ba ni da wani buri sai in ji abin da ke cikin kyamarar nan. Ba don in kai wa Iya ba, wallahi ko a mafarki ba zan kunna mata ba. Ina so in ji da kunnena sau ɗaya, in tabbata an taɓa kirana.

Na ciro memorin na sa a wayata. Wayar ta rubuto wani abu, na nuna wa wani abokin aikina a tasha da ya fi ni boko, ya ce cewa take memorin ya lalace, ko a goge shi a sabunta. Yatsansa har ya nufi wajen dannawa na fizge wayar, saura kaɗan in kai masa mari. Na kwashi kyamarar da memorin sai wajen wani mai gyaran waya a Makarfi, dattijo ne mai haƙuri, ya daɗe a sana'ar. Ya juya ta gaba da baya yana neman inda zai sa sukudireba, babu ko ɗaya. Ya ce wannan ai da gam aka like ta, waɗanda suka yi ta ba su yi niyyar a taɓa buɗe ta ba. Ya sa wuƙa ya ɓanɓare ta. Batirin da ke ciki ya kumbura ya yi suntum kamar fanke.

Ya yi min bayani yadda zan gane. Ya ce irin waɗannan in memorinsu ya cika sai su riƙa goge tsohon hoto suna ɗora sabo, don haka mutuwar da ta yi a ranar ita ce sa'ata, da ta ci gaba da aiki da tuni zirga-zirgar asibiti ta shafe komai. Amma kuma da yake batirin ya lalace, sai ta mutu ba ta rufe abin da take rubutawa ba, shi ya sa memorin ya rikice. Ya ce abin yana nan a ciki, wataƙila, amma fito da shi ya fi ƙarfin kayan aikinsa. Ya ce in nemi kamfanin, wani lokaci suna da hanyar da suke buɗe nasu.

Kamfani! Na koma gida na zazzage ɗaki na nemo kwalin, matata ta riga ta zuba allura da zare a ciki. Akwai lambar waya a gefensa da ƙananan baƙaƙe. Na kira, aka ce babu wannan lamba. Na sake kira da wayar matata, ko tawa ce ba sa so, amsar dai ɗaya. Ranar kasuwa na je na tsaya a kan mai baza kayan. Da farko ya ce bai gane ni ba. Da na ɗaga murya ya gane ni, ya ce shi ma sari ya yi a Kano, bai san wanda ya ƙera ba, amma in ina so ga wata sabuwa zai rage min. Na ce masa ba sabuwa nake nema ba, abin da ke cikin tsohuwar nake nema. Ya dube ni kamar mai taɓin hankali ya ci gaba da jera tocilarsa.

Na matsa masa har ya kwatanta min shagon da yake sari, na ajiye aiki na tafi Kano. Mai shagon ya karɓi kwalin ya duba ya ce ai wannan suna an daina kawo shi tun tuni. Ya sauko min da wani kwali mai launi daban da suna daban, ya buɗe, sai ga kyamarata sak, har ɗan tabon da ke gefen maɓallin. Ya ce haka suke yi, kowane zuwan kaya da sabon suna, shi kansa bai san kowa a can ba, kwantena kawai yake gani. Na tambaye shi to in abu ya lalace wa ake kai wa kuka. Ya ce a wannan farashin, Allah. Na fito na tsaya a bakin titi da kwali a hannu, ina tuna auta da ƙafarsa a miƙe yana cewa na gode, na gode. Shi kamfaninsa ne ke nemansa, ni na bi nawa har Kano ban samu ko wanda zan zaga ba.

Na daɗe ina kokawa da zuciyata kafin in je wajen auta. Ka san abin da nake nufi: babba da ni, in je in ce wa yaron da na goya a bayana ga abin da na saya don in yi gasa da kai ya kunyata ni, ka taimake ni. Matata ce ta ce in ba zan je ba in daina hana ta barci da juye-juye. Na same shi a ƙofar gida yana wanke bas. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, na tambayi nasa, muka yi maganar ruwan bana da farashin taki, har na rasa abin da zan ƙara. Sannan na miƙa masa memorin a cikin takarda na ce ko mutanensa na Kano za su iya fito da abin da ke ciki. Ya ce hatsari aka yi ne? Na ce a'a. Ya tsare ni da ido. Dole na gaya masa.

Na shirya wa dariya, na shirya wa irin maganar Iya. Bai yi ko ɗaya ba. Ya goge hannunsa a riga, ya karɓi takardar da hannu biyu ya sa a aljihun gaba ya danne da tafinsa, ya ce gobe zai shiga Kano. Wannan kirkin nasa ma haushi ya ba ni. Da ya yi min dariya da na samu inda zan sauke abin da ke cikina.

Mutanen shagon nasa suka ce ba kayansu ba ne, amma saboda shi za su ba wani mai kwamfuta da suke aiki da shi ya gwada. Saboda shi, ka ji. Aka ɗauki lokaci. Kullum in waya ta yi ƙara sai in yi sauri in duba ko auta ne. Ran nan ina kan layi a tashar Ikara ina jiran lodi ya zo kaina, sai ga auta a kan babur ɗin aro. Ya shigo motata ya zauna a gaba ya rufe ƙofa, ya ce an samu wani abu, amma Yaya ka yi haƙuri da abin da za ka gani. Ya miƙo min wayarsa.

Ga hanyar nan. Ga gonakin rake, ga ramukan da na kauce wa, hoton yana rawa yana yankewa amma ita ce, safiyar ce. Na ƙara sauti. Na ƙara har ƙarshe. Na kanga wayar a kunnena. Babu komai, ko ƙarar inji babu. Ya ce mai kwamfutar ya duba duk abin da ya fito, na ranar da na kwanakin baya, babu sauti a ko ɗaya, kamar dai ba a taɓa ɗauka ba. Daga baya na koma wajen dattijon Makarfi da ɓawon kyamarar, ya haska da tocila ya nuna min. Akwai 'yar huda a jikin robar, an zana makirfo a gefenta, amma bayan hudar ba a sa komai ba. Tun ranar da na saye ta kurma ce.

A cikin motar dai muka ci gaba da kallo, ni da auta, don na kasa tsayar da shi. Mota ta tsallaka babban titi, ta gangara gefe ta tsaya. Ga ƙanwarmu ta gifta ta gaban gilashi tana gyara mayafi. Ga masu tireda, ga wani mai rake yana fere. Hoton yana ɗan karkarwa saboda inji. Ba abin da ke faruwa. Can sai waifa ta tashi ta share busasshen gilashi sau ɗaya ta koma ta kwanta.

Auta ya ce, "Ruwa aka fara ne?"

Na ce a'a. Ni ban ma san na yi ba. Hannuna ne ya zabura ya bugi sandar waifar. Na ce masa, "Nan ne."

Ya mayar da hoton baya ya sake kallo, ya sake mayarwa. Sannan ya kifa kansa a kan dashbod ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar jana'iza. Ni ban yi ba. Ina zaune ina kallon ƙeyarsa, ina jin tausayinsa, ina kuma jin haushin cewa ko kukan nan ma ya riga ni. 'Yan kamasho suna buga motar suna cewa lodi ya zo kaina, na ɗaga musu hannu na ce a ba na baya.

Kafin ya tafi ya tura min duk muryoyin Inna da ke wayarsa, ya ce nawa ne ni ma. Na karɓa. Ina sauraronsu in ina jiran fasinja, ba zan ce ba na jin daɗi ba, uwata ce. Amma a kowane ɗaya shi take kira. A guda biyu ta yi maganata, a ɗaya ta ce yayanka ya rame, a ɗayan ta ce a kai wa wancan rake in an sara. Na saurari waɗannan biyun har na haddace inda take numfashi. Na yi ta sa kunne ko za ta yi tuntuɓen harshe ta fara harafin farko, ba ta yi ba, Inna ba ta tuntuɓe.

Yanzu na san ban ƙirƙira ba. Mutum ba ya zabura haka kawai ya bugi waifa rana tsaka. Amma ba abin da na je nema ke nan ba. Matata ba ta kiran sunana, ita ma kunya. Ƙannena Yaya suke cewa, 'ya'yana Baba, a tasha kuma laƙabi ne da shi ake kirana tun ina yaron mota. Sunan nan nawa ba mai taɓa shi sai ma'aikacin da ke duba lasin a hanya, ya karanto shi a karkace ya miƙo min takardata.

Da farko in na rufe ido ina jin yadda ta faɗe shi, da 'yar shaƙewar da ke muryarta. Da aka kwana biyu sai na fara shakka, ta ja ƙarshen ne kamar yadda take ja wa auta, ko ta datse shi? Na kasa tsayar da ɗaya. Shekaranjiya na bi ta wajen ba fasinja, na gangara gefe na tsaya daidai gaban masu tiredar, na bar injin yana kaɗawa, na kalli gaba na jira ya dawo min. Sunan ya zo, amma da muryar mai duba lasin.